YADDA BOKO YA SHIGO ZONGO, DA GODIYA GA MALAMARMU DA TA AJIYE ALLI

 Jama'ar zongo, muna sanar da ku cewa Malamarmu ta 'yan aji ɗaya, wadda ta yi kusan shekara 40 tana koyar da 'ya'yanmu a makarantar elementare ta unguwar nan, ta cika shekara 60 da haihuwa. Dokar ƙasar Ghana kuwa ta ce ma'aikacin gwamnati in ya kai waɗannan shekaru sai ya ajiye aiki ya huta. Ba sai mun faɗi sunanta ba, gama duk zongon nan in an ce Malama ba a ƙara kome ba, an san ko wa ake nufi. Yara a cikin aji suna ce mata Madam, mu iyaye muna ce mata Malama.

Yabon gwani ya zama dole. Amma mun ga ba za a san girman aikinta ba sai an san inda ta tarad da mu. Saboda haka za mu ɗan koma baya, mu ba da tarihin yadda karatun boko ya shigo zongo, domin yaran yanzu su san cewa ƙofar nan da suke shiga da gudu kowace safiya, ba haka kawai ta buɗe ba.

ASALINMU DA KARATUNMU NA FARKO

Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke tasowa da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su sauka Salaga cikin ƙasar Gwanja, su sayi goron da Tonawa, watau Asante, suke kawowa daga kurmi. Wurin da ayari ya sauke kaya ya kwana shi ake kira zango, daga nan ne sunan zongo ya samo asali. Kowane ayari kuwa da malaminsa, shi ke duba ranar tashi, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke riƙe lissafin bashi. Saboda haka kada wani ya ce jahilci muka gada. Ko Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi cikin 1817, ya tarad da malamai Musulmi a fadar Sarkin Asante suna yi masa rubutu da Larabci.

Cikin 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan ƙasashen arewa ya ragu, cinikin goro ya fara kauce wa Salaga. Cikin 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga, mutanenmu suka watse, waɗansu Kete Krachi, waɗansu Yeji, waɗansu Kintampo da Atebubu. Cikin waɗanda suka koma Kete Krachi har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya karantar da almajirai masu yawa, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, har Allah ya yi masa rasuwa cikin 1934. Sa'ad da Turawa suka kama Kumasi cikin 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa cikin 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi cikin 1903, sai fatake da mahauta da tsofaffin sojoji suka yi ta kwararowa, zongon Kumasi ya cika ya batse.

Duk inda suka kafa bukka, abu biyu suke fara yi, masallaci da makaranta. Yaro ya wanke allonsa, malam ya rubuta masa, ya biya da safe, ya biya da dare a bakin wuta. Har wa yau a ƙasar nan, ko mutumin da ba ya jin Hausa in ya ce makaranta, ta allo yake nufi. Mata ma ba a bar su sarai ba, gama tun a ƙasar Hausa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsawata wa mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu cikin 1864, ta shirya jajis suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini. Sai dai a zongo yawancin 'yan mata kan sami surorin salla ne kaɗai, sa'an nan talla, sa'an nan aure.

ABIN DA YA SA IYAYENMU SUKA JA DA BAYA

Boko kuwa a hannun mishan ya zo. Cikin 1896 ɗin nan da aka kama Kumasi, Ramseyer na mishan ɗin Basel ya kafa tasharsa a garin, mutanen Wesley da na Katolika su ma suka buɗe nasu makarantun. Yaron da ya shiga, da addu'arsu zai buɗe karatu, da waƙarsu zai rufe, sau da yawa kuma ya fito da sabon suna. Uba ya dubi ɗansa Musa ya ce, in na kai shi gobe ya komo mini da wani suna, me zan gaya wa Ubangiji? Tsoron nan ba na banza ba ne, abin da suka gani da idonsu ne. Ban da haka, ɗan falke yana da sana'a a hannu tun yana ƙarami, ko goro, ko shanu, ko fawa, ko ɗinki, bai ga abin da zai kai shi zaman benci shekara goma domin ya zama akawu ba.

Jama'ar Ahmadiyya, waɗanda mai wa'azinsu na farko ya sauka Saltpond cikin 1921, sun haɗa boko da addini, har suka buɗe babbar makaranta a nan Kumasi cikin 1950. Amma saboda saɓanin aƙida, yawancin malaman zongo ba su kai 'ya'yansu can ba.

Cikin 1951 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fito da shirin gaggauta ilmi, aka soke kuɗin makarantar elementare. Bayan samun mulkin kai ran 6 ga watan Maris 1957, aka yi dokar ilmi ta 1961, wadda ta ce elementare da midil kyauta ne, kuma tilas ne. Makarantu suka yawaita ko'ina. Duk da haka doka ba ta shiga zaure, balle ta shiga ɗakin uwargida. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara bayan randa in an ji masu rubuta suna sun shigo lungu. 'Yan kaɗan ne suka kai maza, masu kai mata kuwa ana iya ƙirga su da yatsu.

SHEKARAR TAKARDA

Abin da doka ba ta yi ba, wahala ta yi. Ran 18 ga watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Jama'a, waɗanda suka ga wannan rana ba su manta ba. Mutumin da aka haifi ubansa a Salaga, aka haife shi a Kumasi, bai taɓa ganin Kano ba, aka ce ya kawo shaida. Ina shaida? An raɗa masa suna da rago da goro a gaban liman da jama'a, amma ba a rubuta a ofis ba. Gidaje suka zama kango, aka sayad da kaya a wulaƙance, 'yan uwa suka rabu a tashar mota.

Waɗanda suka saura suka lura da abu ɗaya. Gidan da ke da yaro ɗan boko, shi ya san ofishin da za a shiga, shi ya karanta abin da aka liƙa a bango, shi ya cika takarda. Daga nan dattawa suka fara cewa, ashe a ƙasar nan wanda ba a rubuta shi ba kamar babu shi ne.

A wannan zamani ne Malama take ƙaramar yarinya, ta isa shiga aji ɗaya. Mahaifinta mai cinikin goro ne, almajiri kuwa, ba ya wasa da salla. Ya ce 'yarsa za ta yi boko da safe, ta yi allo da yamma, in ya ga ɗaya yana cin ɗaya zai cire ta. Aka yi ta yi masa surutu, waɗansu suka ce ya sayad da 'yarsa ga Nasara, waɗansu suka ce ba mai aurenta. Bai kula ba. Ta yi elementare shekara 6, ta yi midil shekara 4, ta sauke Alƙur'ani a tsakani, aka yi walima aka raba waina. Sa'an nan ta shiga kwalejin horon malamai ta shekara 4.

Zamanin karatunta na kwaleji ba zamanin daɗi ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 malaman makaranta na ƙasar nan suka yi ta ƙetarewa Nijeriya neman abinci, azuzuwa suka zauna ba malami. Cikin 1983 aka yi fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma mutanen Ghana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya cikin shekarar. Alli ma ya yi wuya, balle littafi. A irin wannan hali ne yarinyar zongo ta ce ita aikin malanta za ta yi, kuma a zongo za ta yi shi.

HAƊUWAR ALLO DA ALLI

Ta kama aiki ana gab da babban gyara. Tun cikin shekarun 1970 waɗansu masu makarantun allo suka fara yarda gwamnati ta aiko musu da malaman Turanci da lissafi, aka sami irin makarantun nan da ake kira na Turanci da Larabci. Cikin 1987 aka kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, kamar yadda kowace mishan take da nata sashe. Ga yadda abin yake: mai makaranta yana nan da makarantarsa da karatun addininsa, gwamnati kuwa ta kawo malaman boko ta biya su, yara su bi manhajar ƙasa su ɗauki jarrabawar da kowa ke ɗauka. A shekarar nan kuma aka soke midil, aka mai da karatu shekara 6 na elementare, 3 na ƙaramar sakandare, 3 na babba, maimakon shekara 17 da ake yi a da kafin a kai jami'a.

Wannan shiri ya cire rabin tsoro, gama yanzu yaro zai koyi Turanci a inda ake kiran salla. Amma saura rabi. Uwa tana tambaya, wa zai tsaya a kan 'yata? Wa zai san cewa ba ta cin abin da ba mu ci? In ta yi kuka da Hausa wa zai ji? Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cikin doka. Sai da iyaye suka leƙa ta taga suka ga 'yar gidan wane, da mayafinta, tana riƙe da alli, wadda suka ci wainar saukarta, suka halarci ɗaurin aurenta, sa'an nan hankalinsu ya kwanta. Gani ya kori ji. Waɗanda suka ce ba mai aurenta, jikokinsu ta koyar.

YADDA TA YI AIKINTA

Aji ɗaya shi ne mafi wuya, kuma shi ta riƙe yawancin shekarunta. Ku duba nauyin da ke kan yaron zongo ranar da ya fara zuwa. A gida Hausa yake ji, ko da iyayensa Mosawa ne ko Zabarmawa ko Dagwambawa ko Kotokoli, gama Hausa ce ta haɗa zongo. A makarantar allo Larabci yake biyawa. A kasuwa Tuwi ake yi. Littafin da aka miƙa masa kuwa da Turanci. Cikin dukan shekarun aikin Malama, Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta zaɓa ake buga littattafan makaranta da su, saboda haka yaranmu Tuwi suke karantawa a darasin harshen ƙasa. Harshe huɗu ke nan a kan ɗan shekara 6.

Malama ba ta taɓa bugun yaro don ya yi Hausa ba. Takan fara da abin da ya sani, ta kai shi ga abin da bai sani ba. In za ta koya ƙidaya, sai ta zube marafan kwalba a kan tebur, ta ce wannan ƙosai ne, an sayi uku saura nawa? Yarinyar da ke talla tun da asuba ta fi kowa saurin amsawa, sai Malama ta sa a tafa mata, ta gaya mata abin da take yi a bakin titi shi ne lissafi, sunansa kawai za ta koya da Turanci. Yaron da ya saba da allo yakan fara rubutu daga dama. Maimakon ta ce ya yi kuskure, sai ta gaya masa rubutu biyu ne, kowane da ƙofar da yake shiga, na Alƙur'ani ta dama, na boko ta hagu, mai hankali kuwa ya san ƙofofin duka biyu.

Rajistarta ba a cikin aji take ƙarewa ba. Yaron da bai zo kwana biyu ba, bayan la'asar sai a ji sallamarta a zaure. Ta durƙusa ta gai da maigida, tana ce masa Baba, ko da a takarda ta fi shi sani, sa'an nan ta shiga ciki wurin mata. Ba ta taɓa ce wa mai koko ta hana 'yarta talla ba, gama ta san da kuɗin kokon nan ake cefane. Sai dai su yi ciniki: yarinya ta kai koko tasha da sassafe, ƙarfe bakwai ta ajiye bokiti ta sa rigar makaranta, ranar Asabar da Lahadi kuma bayan an taso daga makarantar allo ta taya uwarta. A gidan suna da gidan biki ma ba ta zama haka kawai, tana lura da yaran da suka isa shiga aji, tana tuna wa masu jego su karɓo takardar haihuwa tun jariri yana cikin zane. Ita ta san abin da rashin takardar nan ya yi wa iyayenmu.

Akwai kuma maganar aure. Dokar yara ta 1998 ta tsai da shekara 18 a kan mafi ƙarancin shekarun aure, amma Malama ba ta taɓa shiga gidan kowa da doka a hannu ba. In ta ji ana shirin cire yarinya mai ƙoƙari, sai ta je wurin gwaggonta, ta je wurin kakarta, in ta kama ta roƙi liman ya sa baki. Wani lokaci ta yi nasara, wani lokaci ba ta yi ba, ta koma gida da ɓacin rai, gobe kuma ta fito da allinta.

Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da nata taimako. Tsarin mulki na 1992 ya yi alkawarin ilmin farko kyauta ga kowane yaro. Cikin 1997 aka kafa sashen kula da ilmin 'ya'ya mata. Cikin 2005 gwamnati ta fara biyan makarantu kuɗi a kan kowane yaro domin a daina karɓa daga iyaye, aka kuma fara ciyad da yara a waɗansu makarantu. Cikin watan Satumba 2017 aka mai da babbar sakandare kyauta. Duk waɗannan alheri ne, mun gode. Amma sakandaren kyauta ba ta amfanin yaron da bai iya karatu a aji ɗaya da aji biyu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malama kuwa a wurin ɗanyen take tsaye. Ko cikin 2020, sa'ad da annoba ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris har ƙananan yara ba su koma ba sai Janairu 2021, ita ce ta bi gida gida da aka buɗe, tana tattaro waɗanda talla da wasa suka janye.

Yau ku shiga asibiti, ku shiga banki, ku shiga ofishin gunduma, ku shiga kasuwar Kejetia, za ku tarad da waɗanda ta kama wa hannu suka rubuta baƙin farko. Da akwai mai ɗinki da ke rubuta awon mutane da kanta, da direban da ke karanta takardar motarsa ba mai cutarsa, da uwar da ke duba katin rigakafin ɗanta ta san ranar komawa. Waɗannan ba su da suna a jarida, amma su ne ribar aikin.

SAURA MU

To jama'a, ga inda maganar take. Malama ta tashi daga kujera, wa zai zauna? Yaranmu da suka yi karatu, kowa so yake ya zama likita ko lauya ko ya ƙetare teku. Ba laifi ba ne. Amma in duk suka tafi, 'yan aji ɗaya na zongo za su koma hannun wanda ba ya jin kukansu, kome kirkinsa kuwa, kuma ba zai bi su zaure bayan la'asar ba. Tarihin da muka ba ku ya nuna cewa dokar 1961 ta buɗe makaranta, amma ba ta cika ta da 'ya'yanmu mata ba, sai da aka sami tamu a ciki.

Tun 2018 karatun kwalejin malamai ya zama na digiri, shekara 4, aka kuma kawo jarrabawar lasisi a shekarar. Hanyar ta yi tsawo, tana kuma bukatar guzuri. Saboda haka muna kawo shawara uku. Ta farko, kowane masallaci na unguwar nan ya dubi yarinya ɗaya ko yaro ɗaya mai haƙuri da son yara, a taru a ɗauki nauyin karatunsa na malanta, da sharaɗin ya nemi a komo da shi zongo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyu, iyaye su riƙa halartar taron iyaye da malamai, maza ma su zo, kada a bar wa mata kaɗai. Ta uku, tsofaffin ɗalibanta su tuna cewa fansho ba ya kai albashi, tsufa kuwa yana zuwa da kuɗin magani. Kada godiyarmu ta ƙare a ranar walima da atamfa turmi ɗaya. A riƙa leƙa ta, a riƙa kai mata sababbin malamai su sha daga gare ta, gama da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar walima da wurin da za a yi, za a sanar a masallatai bayan sallar Juma'a. Mai gudummawa ya kai wa 'yan kwamiti, a rubuta masa rasit.

Malama, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutawa mai albarka, ya jiƙan mahaifinki da ya jure surutun mutane ya kai ki makaranta. Allah ya sa kowane baƙi da kika koyar ya zama sadaka mai gudana, ya ba zongo masu gadon allinki. Amin.